Saƙo Zuwa Kekun Waje

MAS'UDU: Salamu alaikum. Halo? Malam Tukur?

TUKUR: Wa alaikumus salam. Wa ke magana?

MAS'UDU: Haba Shugaba, har an share lambata? Mas'udu ne. Mas'udu direba.

TUKUR: Au, Mas'udu. Ban duba ba na ɗauka. Ina wuni?

MAS'UDU: Lahiya lau. Ina gajiya?

TUKUR: Ba gajiya.

MAS'UDU: Ya iyali? Ya Hajiya Asabe da yara?

TUKUR: Suna lahiya.

MAS'UDU: Madalla. Ya kasuwa? Ya mutanen Gusau?

TUKUR: Gusau tana nan. Kai ya Bungudu? Ya aikin girbi?

MAS'UDU: Alhamdu lillahi. Gero ya yi bana, dawa ce tsuntsu ya ɗan taɓa. Baba na gaishe ka.

TUKUR: Ina amsawa.

MAS'UDU: Muryarka ƙasa-ƙasa nake ji. Mura ce, ko layin ne?

TUKUR: Layin ne.

MAS'UDU: Bari in hito daga rumfa. Yauwa, kana ji na yanzu?

TUKUR: Ina jin ka.

MAS'UDU: To, dama uzuri na kira in bayar. Yau Alhamis, ga shi ba zan samu taron ƙungiya ba. Sai gobe zan gama loda buhunan in shigo. Na san doka, wanda ya yi fashi shi ke kawo goron mako mai zuwa. Na ɗauka. Ka faɗa wa Lawali kada ya ɓata bakinsa.

TUKUR: To.

MAS'UDU: Sannan albishirinka. Dashen itatuwan da muke nema na makarantar firamare, na samu. Wani abokin Baba ne mai lambu bakin gulbi. Da na ce masa na ƙungiyar Hannu-da-Yawa ne, ya ce in kwashi iya abin da mota ta ɗauka. Darbejiya, mangwaro, har da gwaiba. Ranar Asabar in an gama yashe kwata sai mu wuce mu dasa.

TUKUR: Allah ya saka masa.

MAS'UDU: Sai ka ce wa Bala Tela ya hiddo diga da shebur tun da wuri. Kada ya yi mana irin ta wancan makon, muna tsaye a rana shi yana can yana kai ɗinki.

TUKUR: Amin. Amin, Alhaji. Allah ya ba da lada. Ku shiga daga ciki, akwai tabarma.

MAS'UDU: Na'am?

TUKUR: Ba da kai nake ba.

MAS'UDU: Gaisuwar wa ake yi? Ina kake haka?

TUKUR: Ƙofar gidan Bala.

MAS'UDU: Gidan Bala? Subhanallahi. Wa aka rasa? Ba dai jaririn ba?

TUKUR: Mas'udu, Bala ya rasu.

MAS'UDU: Ya rasa mi? Layin na yankewa. Ya rasa wa?

TUKUR: Ba rasa ba. Rasu. Bala ya rasu.

MAS'UDU: Wane Bala?

TUKUR: Bala nawa gare mu?

MAS'UDU: A'a. A'a, Malam Tukur. Jiya da magariba muka yi waya da shi. Yana min tsiya wai in taho masa da rake.

TUKUR: Awo. Yau da hantsi ne.

MAS'UDU: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi... Mi ya same shi?

TUKUR: Mota. Hanyar Tsafe, wajen dawowa. Taya ta fashe.

MAS'UDU: Mi ya kai shi Tsafe?

TUKUR: Keken Uwani, yarinyar nan da ba ta iya tahiya.

MAS'UDU: Keken guragun?

TUKUR: Shi. Mai waldar da ya ce zai ƙera mata sadaka ya kira shi jiya ya ce an gama. Bai faɗa wa kowa ba. Ya ce wa matarsa Wasila so yake ya shigo taro yau yana tura shi, ya ba mu mamaki.

MAS'UDU: Ni ne aka ce in ɗauko keken nan. Ni ke da mota. A taron wancan makon ni na ɗaga hannu.

TUKUR: Kwana ne ya ƙare.

MAS'UDU: Da ban taho girbi ba...

TUKUR: Mas'udu. Kwana ne ya ƙare.

MAS'UDU: Nan take ya cika?

TUKUR: A'a. Sai da aka kawo shi asibiti. Ni ma ina can.

MAS'UDU: Wa ya sanar da kai?

TUKUR: Ba wanda ya sanar da ni. Jini aka kira ni in kawo.

MAS'UDU: Ban gane ba.

TUKUR: Ina shago Nas Zainab ta kira, kamar yadda ta saba in suna neman jini. Ta ce an kawo mutanen da suka yi hatsari, akwai ɗaya da jini ya zuba ƙwarai, kuma irin nasa babu a ajiye. Ta ce irin na telanku ne, mai wuyar samun nan. Na ce mata ai wanga mai sauƙi ne, yanzu zan turo shi.

MAS'UDU: Ya Salam.

TUKUR: Na kira Bala, tana shiga ba a ɗauka. Na sake kira. Na aika shagonsa, a kulle. Har raina ya ɓaci. Na ce wa Lawali, ka ga halin mutumin naka, ranar da ake nemansa ranar yake ɓata.

MAS'UDU: Ita Zainab ba ta gane shi ba? Ai ta san shi. Sau nawa tana ɗibar jininsa?

TUKUR: Fuskar ta kumbura. Kuma an naɗe kan. Ba a samu komi a aljihunsa ba, kayan mutanen duk an tattara su wuri guda cikin leda.

MAS'UDU: To sai...

TUKUR: Sai na ɗauki Lawali da Kabiru muka tahi, ko Allah zai sa na wani ya yi. Aka gwada, bai yi ba. Muna tsaye a baranda na ce bari in ƙara gwada lambar tasa. Ka san abin da ya sa a wayarsa in an kira shi?

MAS'UDU: Muryar 'yarsa Nana Aisha.

TUKUR: Awo. "Baba, ana kiranka. Baba, ana kiranka." Daga cikin ledar nan, bisa teburin nas.

MAS'UDU: La ilaha illallah.

TUKUR: Na tsaya ina kallon ledar. Ban kashe ba. Lawali ne ya karɓi wayar daga hannuna ya kashe.

MAS'UDU: Kun same shi da rai?

TUKUR: Da sauran numfashi. Kabiru ya hau babur ya zaga duk wanda muka sani. An samu wani ɗan makaranta mai irin jinin, ya yarda ya zo. Yana cire takalmi a bakin ƙofa likita ya hito.

MAS'UDU: Bai yi magana ba?

TUKUR: Bai yi ba. Na riƙa karanta masa kalmar shahada a kunne. Ban sani ba ko ya ji.

MAS'UDU: Allah ya jiƙansa. Allah ya gafarta masa. Bari in zauna. Kai ya kake, Malam?

TUKUR: Ni lahiya ta lau. Abin da ke ba ni mamaki ke nan. Lawali ya faɗi a baranda sai da aka yayyafa masa ruwa. Kabiru har yanzu kuka yake. Ni ko ɗigo. Ɗazu aka miƙo min ruwan leda na shanye, har na ji daɗin sanyinsa.

MAS'UDU: Zai zo daga baya.

TUKUR: Wataƙila. Keken yana nan, ka sani. A saman motar aka ɗaure shi, ya faɗa cikin gona. Ko fentinsa bai goge ba. Shuɗi ya sa aka yi mata.

MAS'UDU: Bar zancen keken nan, don Allah.

TUKUR: Asabar za mu kai mata. Yarinyar ta daɗe tana jira.

MAS'UDU: Mi ya sa ba wanda ya kira ni? Ban ga komi a zauren ƙungiya na waya ba.

TUKUR: Ni na hana a saka. Na ce sai danginsa sun ji daga bakin mutum. Kai kuma tun ɗazu lambarka na hiddo, ina kallonta. Sai ga kiranka.

MAS'UDU: Wasila ta ji?

TUKUR: Asabe ta shiga da matan ƙungiya suka faɗa mata. Wanke-wanke suka tarar tana yi. Ta saurare su har suka gama, ta ce to, ta ci gaba da wanke-wankenta. Sai da ta kife kwano na ƙarshe sannan ta zauna ƙasa.

MAS'UDU: Allah sarki. Ga jego ko arba'in ba ta yi ba. Yaushe ne sutura?

TUKUR: Bayan la'asar. Daidai lokacin taro. Na ce wa kowa ya wuce maƙabarta kai tsaye, ba sai an biya ta gindin darbejiyar da muke taro ba. Yara sun tahi haƙa. Sai da muka koma asibiti neman makulli.

MAS'UDU: Wane makulli?

TUKUR: Na ɗakin kayan ƙungiya. Ai a wurinsa yake. Diga, shebur, makara, duk suna ciki. A ledar muka same shi, ɗaure da igiyar nan tasa ta atamfa.

MAS'UDU: Hmm.

TUKUR: Likkafani ma ba mu saya ba. Cikin waɗanda yake ɗinkawa yana ajiyewa don gawar da ba ta da kowa, saura ɗaya. Ya yi masa daidai.

MAS'UDU: Malam Tukur, ya isa. Yanzu zan sauke abin da na loda in kamo hanya. Kafin la'asar ina Gusau in sha Allahu.

TUKUR: Tsaya. Ba nan za ka fara zuwa ba.

MAS'UDU: Ina?

TUKUR: Kekun Waje.

MAS'UDU: Halo? Ka ce ina?

TUKUR: Kekun Waje. Ƙauyensu Bala. Inna Uwa ba ta ji ba.

MAS'UDU: Mahaifiyarsa ba ta ji ba har yanzu?

TUKUR: Wayar maƙwabcinta da ake samunta da ita ba ta shiga tun safe. Ƙanensa yana Legas, ya ji, amma mi zai yi daga can? Wasila magana ɗaya ta yi tun da ta zauna: kada a hita da shi sai uwarsa ta gan shi. Kai ne kusa. Kai ke da mota.

MAS'UDU: A'a. Ka tura wani. Ka tura liman, ko wani babba. Ni yaro ne a wanga aiki.

TUKUR: Kafin wani ya taso daga nan ya je ya dawo, rana ta faɗi.

MAS'UDU: Ba ka gane ba. Matar nan tun da muka je muka gyara mata rufin ɗaki da damina, in ta hangi motata guɗa take yi. "Ga 'yan Hannu-da-Yawa, ga 'ya'yana." Kafin in kashe mota ta shimfiɗa tabarma, ta aika a damo hura. Ta ya zan bari ta gama wanga duka sannan in buɗe baki?

TUKUR: Kada ka zauna. In ka zauna ba za ka iya ba.

MAS'UDU: Kai ka taɓa yi?

TUKUR: Sau da yawa. Amma duk na wasu ne. Kuma Bala ke raka ni. Shi ke fara magana, ni in yi addu'a.

MAS'UDU: Mi yake cewa?

TUKUR: Wallahi tun ɗazu nake son in tuna. Na san yakan cire hula. Abin da yake cewa ya ɓace min.

MAS'UDU: Ko in ce mata ba shi da lahiya ne, yana son ganinta? In mun iso sai mata su faɗa mata.

TUKUR: Ta hau mota tana yi masa addu'ar samun sauƙi tun daga can har Gusau, kana jin ta? Ta sauka ta ga tabarmi a ƙofar gida?

MAS'UDU: To in faɗa mata a tsakar gidanta ta faɗi, ni kaɗai? Tana da hawan jini, Malam.

TUKUR: Ka biya ka ɗauki babarka ko wata dattijuwa. Ka nemi mai unguwarsu ku shiga tare.

MAS'UDU: Innata ta tahi gona. Bari in ga ko gwaggona tana gida. Kai, ban san yadda zan riƙe sitiyari ba.

TUKUR: Ka tuƙa a hankali. Ba ma son biyu.

MAS'UDU: Wayar ta yi ƙara, katin zai ƙare. Ka kira ni.

TUKUR: Tawa ma cajin ya yi ja. Ta Lawali na hannun masu haƙa. Amin, Malam, amin. Mun gode. Allah ya bar zumunci.

MAS'UDU: Malam Tukur, saurare ni. Za ta yi tambaya. Na san ta, sai ta bi komi daki-daki. Za ta ce wa ya aike shi.

TUKUR: Ka ce aikin Allah ya tahi yi.

MAS'UDU: Za ta ce wa ke kansa lokacin.

TUKUR: Ka ce muna nan. Ka ce ba shi kaɗai ba ne.

MAS'UDU: In ta ce ya sha wuya fa?

TUKUR: Amin, amin. Ku shiga daga ciki.

MAS'UDU: Halo? Kana ji na? In ta tambaye ni ko ɗanta ya sha wuya?

TUKUR: Ina ji. In ta tambaye ka wannan, ka dube ta, ka ce mata...

MAS'UDU: In ce mata mi? Malam? Malam Tukur! Halo?