Jinina Ya Kai Ƙarata Wurin Likita

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. A sanar da jama'ar Badariya cewa dubuna ta cika.

Ina da ciwon suga. Kwana uku kafin ranar asibiti nakan ƙaurace wa tuwon shinkafa da fura, a gwada ni, likita ta yaba, in dawo gida in rama. Da aka sa ni cikin wani bincike, sai suka yi mini gwajin da ke nuna sugan wata uku. Sakamakon ya fito sama sosai, likita ta ce, "Malam, ni kaka yi ma wayo ko idanunka?" Dama rubutun jarida ya fara yi mini dishi-dishi.

Ina gaida abokan layin asibiti masu irin dabarata, ku bari. Na yi kuskure, ashe kaina nake cuta.