Shaidar da Na Sa Rifkatu Ta Bayar

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ina kan keken ɗinki a shagona a Gyaɗi-Gyaɗi, da hantsi, Bitrus mijin ƙanwata Rifkatu ya kira ni. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Yaya Ladi, Rifkatu ta tafi. Zuciyarta ce." Ya kashe waya. Sai da na ƙarasa hannun rigar da ke gabana sannan na tashi. Har yau ban san dalili ba.

Da yawanku kun san Rifkatu. Maƙoƙo gare ta, ga bugun zuciya, ga rawar hannu, tana ci tana ramewa. A asibiti aka ce tayirod ɗinta, wato tsokar nan ta gaban wuya, tana aiki fiye da kima. Aka ɗora ta a kan magani, aka ce kada ta daina.

Ni na kawo mata ƙwayar seleniyam, wani sinadarin ƙarin abinci. A waya na ji wai tana gyara wuya. Ta haɗa da na asibiti, ta samu sauƙi. Maganin asibiti ne ya yi aikin, ni kuwa na karɓi godiyar. Na matsa mata ta tsaya a nan, a Zumuntar Mata, ta ce ta warke. Kun buga tulu, kun yi guɗa. Daga ranar ta ajiye maganin likita.

Da ciwon ya dawo, ta zo shagona tana zufa. Ta ce, "Yaya, zuciyar nan ta sake tashi. In koma asibiti?"

Na ce, "Da wane idon? Wadda ta ba da shaida ba ta komawa layin kati. So kike mata su ce Allah ya fasa?"

Ta ce, "To, Yaya." Ban ma ɗaga kai daga ɗinki ba.

A zaman makoki a gidansu a Daurawa, Bitrus ya ajiye mini kwalaben seleniyam ɗin a cinya, a gaban mutane. Ya ce, "Ga ragowar maganinki, likita. Ki shanye, kada a yi asara."

Na kuwa sha, uku-uku kullum, don in tabbatar wa kaina ba laifina ba ne. Gashina ya riƙa bin mataji. Faratana suka karye. Bakina yana warin tafarnuwa, har wadda muke benci ɗaya a coci ta matsa. Duk da haka ina ce wa kowa lokacin Rifkatu ne ya yi.

Wata safiya na durƙusa gefen keke zan yi addu'a, na kasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ya Yesu, ni ce na hana ta." Na yi kuka, kukan da ban yi a kabarinta ba. Ubangiji bai kore ni ba. Ya tashe ni, na tafi layin da na hana ta shiga.

Likitar da ta duba ni ta ce wuya yana bukatar seleniyam, amma ɗan kaɗan, kuma yawanci kifi da ƙwai da nama sun wadatar. Ta ce ba ya maye gurbin magani, in ya yi yawa kuma guba ne. Na daina sha. Gashina yana tohowa.

Na gode wa Allah da ya fitar da ni daga ƙwayar nan, ya kuma fitar da ni daga ƙarya. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. In kun ba da shaida ciwo ya dawo, ku koma asibiti. Allah ba zai ji kunya ba. Ni ce na ji kunyar, ƙanwata ta biya.

Sau uku na je Daurawa neman gafarar Bitrus. Har yanzu bai buɗe mini ƙofa ba.