Warin Bututu Ya Raba Ni da Abokina

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki. Malam Haruna ne, tsohon malamin firamare, daga Mainika.

Da gwiwoyina suka gaza saboda tsufa, ɗana ya sa aka yi mini banɗaki cikin ɗaki, ya koma Legas. Mai aikin ya miƙar da bututun wanka kai tsaye zuwa masai, bai sa lanƙwasar da ke riƙe ruwa ta tare wari ba. Ɗakin duk ya ɗauki wari.

Abokina ɗaya da ya rage, Sule na Gammo, ya zo gaisuwa, ya sassauta murya ya ce, "Haruna, ko fitsari ya fara kufce maka ne?" Bai sake dawowa ba.

Ba ni da ƙarfin fasa siminti. Jama'a, yaya zan yi? Sule, in kana saurare, wallahi bututu ne, ba ni ba ne.