Agogon da Ke Son Gaisuwa

Akwai rowar da ba ta kuɗi ba, ita ce rowar lokaci. Na gan ta da idona a rumfar wani dattijo mai gyaran agogo, ina zaune ina jiran nawa, sai ga wani saurayi.

"Baba, agogo nake so mai maɓalli a gefe, irin wanda ake dannawa a auna lokaci. Na farkona ne, kada ya yi tsada."

"Gwada wannan, na marigayi ƙanena ne. Ba ya cin batir, wani ake yi masa, wato a murɗa shi da hannu, kowace safiya. Ba da abin da ya sawwaƙa, ni hannun da zai kula da shi nake nema."

"Kowace safiya? Kai, kamar gaida tsoho!"

"Kamar haka. In ka manta da shi sai ya yi shiru, ba zai kira ka ba. Me za ka auna?"

Saurayin ya yi dariya. "Hirar tsohuwata a waya. In ta fara, daga ciwon gwiwa sai labarin maƙwabta. Sai in danna, allurar agogon na zagayowa in ce mata maigida na kirana."

Dattijon ya zare agogon daga hannunsa, ya goge, ya mayar cikin gilashi.

"Haba Baba, zan ƙara kuɗi!"

"Ɗana, da agogon nan ƙanena yake auna bugun zuciyar mahaifiyarmu. Sauka lafiya."

Haka ya fita: ba agogo, ba rangwame, ba ƙima a idon na zaune. Kuɗinsa kaɗai ya tsira da su.