Mutumin da Ya Nome Gonar da Ba Ita Ba

Jawabin Malam Ɗanasabe Mai Masara a taron tunawa da marigayi Malam Zainulabidin Ƙarfi, a Funtuwa

Da sunan Allah nake farawa, shi da yake ba mu aron mutane kuma yake karɓar abinsa a ranar da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wakilin mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarkin Noma da jama'arsa da suka taso tun daga Ƙarfi, shugabannin ƙungiyarmu ta masu shirya fim, iyayenmu mata da ke can ƙarƙashin rumfa, Hajiya Hansai maiɗakin marigayi, 'yarsa Amatullahi da ƙannenta, da duk wanda ya baro gona ko shago ya zo, assalamu alaikum.

Ni ne Ɗanasabe mai sayen masara, abokin marigayi tun muna yara. Ni ne kuma jarumin fim ɗinsa, Ba Wannan Gonar Ba. Ku dube ni da kyau. Ga sanƙo, ga tumbi, ga giɓi a baki. Wannan ne mutumin da Zainu ya zaɓa ya fito a matsayin saurayi, kuma wannan fuskar ce ta cika silimomin Kano har aka riƙa mayar da mutane gida. Na ga wasu suna danne dariya. Ku sake ta, don Allah. Mutumin da muka zo tunawa bai taɓa jin haushin dariya ba.

Ya kasance mai ɗaukar bidiyon biki, da ƙaramin shago a bayan tasha. Ya kasance mai son mutane su fito da kyau a hoto, ko da kuwa sai ya tsayar da ɗaurin aure ya gyara wa ango hula. Ya kasance mai kunya irin wadda ba a yi yanzu. Kuma kunyar nan ita ce asalin duk abin da ya tara mu a nan.

Matasa ba su san farkon labarin ba, bari in faɗa musu. Shekaru talatin da 'yan kai da suka wuce, Zainu yana neman wata yarinya a Ƙarfi mai suna Sa'adiya. Damina ta sauka, lokacin noman farko ya yi. A al'adarmu saurayi yakan tara abokai a yi gayya, a je a nome wa uban yarinya gonarsa, da kiɗa da waƙa. Zainu ya so ya yi abin ba tare da an sani ba. Matsalar ita ce bai san gonar ba, kuma ba ya iya haɗa ido da uban Sa'adiya, balle ya buɗe baki ya tambaye shi. Sai ya bi shi daga nesa. Ya hango shi tsaye a tsakiyar wata gonar dawa, ya riƙe ƙugu yana girgiza kai saboda ciyawa. Zainu ya dawo yana murna, wai ya gano wurin. Ashe bawan Allah ya je dubo gonar maƙwabcinsa ne, Malam Abdussamad, wanda ke kwance ba lafiya tun farkon damina, ga shi ba shi da ɗa namiji.

Muka yi sammako da fartanyu da mai ganga. Ina cikinsu. Muka nome gonar Malam Abdussamad tas, tun daga bakin hanya har gindin kuka, alhali gonar surukin namu tana gefe, ciyawa ta kai gwiwa. Da labari ya shiga gari, Sa'adiya ta ce ita ba ta auren wanda bai san gonar ubanta ba, kuma ni ban ga laifinta ba. Kafin wata daminar, Zainu ya auri 'yar mai gonar da muka nome, wadda ta kawo mana fura a ranar. Ga ta can zaune, Hajiya Hansai.

Hajiya, ki yi mini afuwa, sai na faɗi abin da ba shi da daɗi. Mu mutanen Ƙarfi mun sa miki suna Matar Kuskure. Mun faɗa a biki, mun faɗa a suna, mun faɗa a bakin rijiya. Kina murmushi, mu kuma muka ɗauka wasa ne. Ba wasa ba ne ga mace ta yi zaman aure shekara da shekaru tana jin cewa ɓatan hanya ne ya kawo mijinta. Zainu ya san abin yana cin ki. Amma da ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ɓige da tambayar ko an ba akuya ruwa.

Shi ya sa ya yi fim. Ba don suna ba, ba don ya shiga sahun manya ba. Yana da maganar da yake son matarsa ta ji, bakinsa kuma ya ƙi ɗauka.

Ranar da ya nemi izininta ina zaure ina jiyo su. Ta ce, "Malam, Ƙarfi ba ta ishe ka ba, sai ka tara mini ƙasa duka ta yi mini dariya?"

Ya ce, "Ki dai kalla in an gama."

Ta ce, "Yi abinka, ban hana ka ba. Amma idona ba zai gani ba."

Haka aka fara, da kyamarar biki guda ɗaya da janaretan maƙwabcinsa Okwudili mai kayan gyaran babur, wanda ga shi nan a gaba, shi da matarsa Ifeyinwa. Babu abin da za a biya 'yan wasa da shi, don haka Zainu ya je wurin Sarkin Noma ya roƙi gayya ta gaske. Manoman da kuka gani a fim ɗin ba kwaikwayo suke ba, noma suke yi, gumin nan na gaske ne. Wata tsohuwa da ke da gona a hanyar Tsiga ta samu noman farko da maimai kyauta, saboda ni na yi ta ɓata magana ana sake ɗauka. Har yau in ta gan ni tana tambaya ko ba za a yi kashi na biyu ba.

Da aka gama muka ɗauki abin muka nufi Kano wurin 'yan kasuwar fim. Wani ya kalli kaɗan ya tsayar, ya ce, "Ina motar? Ina gidan bene? Ina waƙar da za a yi rawa a lambu?" Sannan ya nuna ni da baki ya ce, "Wannan uban yarinyar ne?" Da aka ce masa ai ni ne saurayin, sai ya tashi ya ce zai yi alwala, bai dawo ba. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa Zainu mu koma a sa kyakkyawan yaro. Ya ce, "Kyakkyawan yaro ba ya nome gonar da ba ita ba. Irinmu ne ke yi."

Muka dawo gida muka kama wannan ɗakin taron da muke a harabarsa. Ranar farko manoman Ƙarfi ne kawai suka zo su ga kansu. Washegari suka dawo da matansu. Daga nan sai 'yan adashi suka fara zuwa ƙungiya-ƙungiya, da anko. Aka kai Malumfashi, aka kai Bakori, mutanen Musawa suka aiko a kawo musu ranar kasuwa. Zariya ta ji, ta nema. Da kyar wata silima a Kano ta ba mu lokacin safe a tsakiyar mako, lokacin da aka san ba mai zuwa. Kafin mako ya zagayo sun sauke wani fim mai jirgin sama a ciki sun ba mu Juma'a da Asabar. Mutumin nan mai alwala da kansa ya bugo waya, yana kirana ranka ya daɗe.

'Yan jarida sun yi ta tambaya, wai me ya sa ƙaramin fim irin wannan ya yi kasuwa, ba tauraro, ba talla? Ni ba mai ilimin abin ba ne, amma na zauna a bayan ɗaki na kalli masu kallo, kuma ga abin da na gani. Na ga dattijo da farin gemu ya sunkuyar da kai a wurin da saurayi ya je zance ya kasa magana, matarsa tana zungurinsa da gwiwar hannu. Babu namijin da bai taɓa zama sakarai a gaban mace ba, kuma babu macen da ta manta. Fim mai gidan bene yana nuna maka abin da ba ka da shi, ka fito kana jin haushin ɗakinka. Na Zainu kuwa yana nuna maka abin da ka baro a gida, ka fito kana sauri ka koma. Ifeyinwa ta gaya mini a garinsu ma saurayi yana yi wa suruki aiki a gonar doya, kuma ta san wani da ya yi irin wannan shirmen. Sannan Zainu bai yarda a yi wa mace dariya ba ko sau ɗaya. Duk dariyar a kaina take, shi ya sa mata suka shigo da mazansu ba fargaba.

Akwai kuma abin da duk muka sani. Fim ɗin ya fito ne a shekarun da zuwa gona ya zama sai da addu'a, wasu gonakin ma an bar su ga ciyawa. Mutane suka shigo suka ga gona cike da jama'a da ganga da fura, ba wanda yake waiwaye. Na ga ƙato yana dariya hawaye na zuba, kuma na san ba duka hawayen ne na dariya ba.

Ya kasance ya ci nasara a Kano. Ya kasance ya ci nasara a Kaduna da Katsina, har a wayoyin 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje. Amma in na je taya shi murna sai in tarar da shi shiru. Ya ce mini, "Ɗanasabe, duniya ta kalla, wadda aka yi dominta ba ta kalla ba." Domin Hajiya ta tsaya a kan maganarta. In an kunna a maƙwabta, sai ta shige ɗaki ta ja ƙofa.

Sai ciwo ya kwantar da shi bara da kaka. Wata rana da la'asar na je dubiya, yana kwance a tsakar gida kan tabarma, ya rame ƙwarai. Amatullahi, Allah ya yi miki albarka, ke kika ɗauko waya kika ajiye a cinyar mahaifiyarki kika ce, "Inna, Baba ba zai roƙe ki ba, ni ce nake roƙo." Hajiya ta dubi mijinta, ya kawar da kai yana kallon bango. Ta ce a kunna.

Ta kalla fuskarta a ɗaure, har aka zo wurin da kowa ya sani. Hantsi ya yi, rabin gona ya nomu, wani mai wucewa ya gaya wa 'yan gayya ba wannan gonar ba ce. Abokai suka saɓa fartanyu suka ce a yi maza a tsallaka, akwai sauran lokaci kafin azahar. A daidai nan 'yar mai gonar ta ɓullo da ƙwaryar fura a kai, tana kuka tana godiya, don ta zaci Allah ne ya turo wa ubanta masu taimako. Saurayi ya kalle ta, ya kalli gonar surukinsa, ya ce, "Wanda zai tsallaka ya tsallaka. Ni a nan zan ƙarasa."

Hajiya ta sa hannu ta tsayar da wayar. Ta juyo gare ni ta ce, "Ɗanasabe, tsakaninka da Allah, haka aka yi ko ƙarin gishirinku ne na 'yan fim?"

Na ce, "Wallahi haka aka yi. Ni ne ma na fara saɓa fartanya."

Sai ta dubi mijinta ta ce, "Malam, duk shekarun nan bakinka ciwo yake yi?"

Ya ce, "Kunya."

Ta ce, "Kunya ta hana ka faɗa a ɗaki, shi ne ka tara duniya ka faɗa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ita ma ta yi, tana share ido da bakin mayafi. Sannan ta ce wa Amatullahi ta mayar da wurin baya, ba ta ji da kyau ba. Ni na tashi na ba su wuri. Bai ƙara wata biyu a duniya ba, amma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi kamar a waɗannan kwanakin ba.

Saboda haka, Hajiya, abin da na shaida a tsakar gidanki zan sake shaidawa a gaban wakilin Hakimi da Liman da mutanen Ƙarfi, tunda a gabansu aka sa miki sunan. Kuskure ya ƙare da hantsi. Abin da ya biyo baya, daga rabin gonar nan har ranar da muka kai shi makwancinsa, zaɓi ne, ido biyu. Mu muka sa sunan, mu muke janye shi yau, kuma muna neman yafiyarki. Amatullahi, ke da ƙannenki, duk wanda ya tambaye ku yadda iyayenku suka haɗu, ku ɗaga kai ku faɗa masa.

Muna godiya ga wakilin Hakimi da malamanmu, da Sarkin Noma da ya ba da gayya, da Okwudili da bai taɓa tambayar man janaretansa ba, da ku duka da kuka zo.

Allah ya jiƙan Zainulabidin. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata kabarinsa, ya saka masa da aljanna saboda dariyar da ya sa a bakin mutane lokacin da dariya ta yi tsada. Allah ya dawo da zaman lafiya gonakinmu. Allah ya ba Hajiya Hansai haƙuri, ya raya abin da suka bari, kuma idan tata ta zo bayan tsawon rai, ya sada ta da mutumin da ya gan ta ya ƙi tsallakawa. Amin.