Na Toshe Wushiryar Babana

Assalamu alaikum mai gabatarwa. Sunana Hadiza, malamar firamare ce a Unguwar Shanu. Don Allah a karanta wa likitan shirin wannan.

Ina da wushirya irin ta babana, Allah ya jiƙansa. Ƙawaye suka yi ta ce min an daina yayinta. Da na kwashi adashi, sai na kai kuɗin duka asibitin haƙori, aka liƙa min farin rufin da ake kira kwamfozit, aka toshe ta. An ce shi ya fi araha. Ban tambaya ba ko shayi na rina shi, ko kowane gyara sai na sake biya.

Yanzu ya yi rawaya, gefe ɗaya ya ɓantare. Da hannu a baki nake koyarwa.

Abin da ya fi ci min rai, da Umma ta gani ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "A murmushinki kaɗai nake ganin babanki, shi ma kin rufe."

Likita, ana cire shi wushiryata ta dawo? Nawa ne? Wallahi ko 'yan kunnena ne zan sayar.