Gadaje Goma, Babu Ɗaki

"Daga yau babu ɗalibin makarantarmu da zai ƙara kwana a titi," in ji wani mai tumbi a cikin bas. "Ni ne shugaban kwamiti. Da kuɗin tallafi mun sayi gadaje goma."

Matar gefensa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe. Ɗakin fa?"

"Tallafin gado aka ba mu. Amma an ce malamar lissafinmu tana da ƙaton falo, ga kirki."

"Ta sani?"

"Ai mai kirki ba a tambayarsa, baiwar Allah. Motar gadajen ma ta tashi."

Ta gyara littattafan lissafin da ke cinyarta, ta kira gida.

"Baban yara, fitar da kujerun falo. Muna da baƙi."